Nas Ba Ta Canki-Canka

Litinin, 3 ga Maris
Sabon ajin share fagen jarrabawa, tsohon ciwon kai. Kowa likita yake son zama, alhali rabinsu ba su san hanta da ƙoda ba. Akwai wata nas a kujerar gaba, ta ma girme ni. Shekarunta sun kai iyaka, daga bana ba za a sake barinta ta zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci ba. Ina ruwana.

Asabar, 8 ga Maris
Gwaji. Duk abin da Nas ta amsa daidai ne, amma ta bar kusan rabin takarda fayau. Na ce in ba ki sani ba ki soke biyun da ba su yi kama ba, ki canki ɗaya, ba a rage maki don kuskure. Wai, "Malam, a wurin aikinmu mai canki-canka gawa yake fitarwa." To nan ɗakin tiyata ne? Ɗakin da ko fanka ba ta aiki.

Laraba, 12 ga Maris
Ta sake barin rabin takarda fayau. Haushi kamar in tauna alli.

Talata, 18 ga Maris
Mai makaranta ya kira ni ofis, wai in lallaɓa ta ta janye kada ta ɓata masa sakamakon da yake liƙawa a ƙofa. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban allo ba! Na ƙi. Ba don ita ba, don in ƙuntata masa ne.

Alhamis, 27 ga Maris
Na daka mata tsawa gaban aji. "Takarda ba ta da jini, baiwar Allah! Taurin kanki ne zai kayar da ke!" Ta tattara littattafanta ta fita. Ta tafi mana.

Litinin, 31 ga Maris
Kujerar gaba ba kowa. Gara haka.

Asabar, 5 ga Afrilu
Ranar jarrabawa. Hanya ce kawai ta biyo da ni ta ƙofar zauren, na ɗan tsaya shan inuwa. Sai ga Nas ta fito.

"Malam, ban bar ko ɗaya ba. Na canka. Allah ya yafe mana, ni da kai."

Wane irin "mana"? Na ce ta wuce gida ta huta.

Sai da na zauna a ɗaki na tuna ban sa komai a bakina ba tun safe. Zafi ne ya hana ni.