Motar Kapitan Ta Ja Numfashi, Arzika

Zuwa ga ƙanena Arzika, ɗan babana, duk inda kake kwance.

Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwa, ina fatan ƙasar da aka rufe ka da ita ta yi maka sauƙi, ko da yake har yau ba wanda ya nuna mini ita. Ni ne yayanka Nomau, makanikin Filinge. Ka san ban taɓa taka ƙofar lakol, makarantar boko, ba. Ɗiyarka Hajo ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na ce da ita kada ta gyara mini magana. Za ta sa ta cikin wayar nan tasu, mutanen gari su karanta. Da kai nake, amma su ma su ji.

Arzika, na gano ciwon jar motar. Kuma ina fushi da kai.

Ka tuna ranar da Kapitan ya fara kawo ta garejinmu, zamanin da soja ke da ƙasa. Mota ce mai kujera biyu, cikinta kusa da ƙasa kamar kunkuru, ba ta da abin yi a yashin ƙasarmu Kurfai in ban da nuna isa. Juyen mai kaɗai ya kawo ta. Kai ka fara nuna mini turbo a jikinta, ka ce hayaƙin inji ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta ɗura wa inji iska kamar zugazugin maƙeri. In aka taka ta, wata allura a gaban direba sai ta miƙe, motar ta yi fito, ta tsinke da gudu.

Ranar nan uwar Kapitan ta zo da ƙwaryar fura. Tsohuwar 'yar bori ce daga ƙauye, wadda kake yi wa goge in za ta yi wasa. Ɗanta ya yi boko, ya sa kaki, yana jin kunyar ta. Ta kira ka gindin aduwa kuka yi ƙus-ƙus. Ni kuwa na juya baya, don ka san tun da na kama salla ba na son ganin ka da mutanen nan.

Ba a daɗe ba motar ta dawo, Kapitan a gaba, sojoji a baya. Allura ba ta wuce rabi, fito ya ɗauke, wata tsohuwar mota da ke jigilar awaki zuwa Baleyara ta wuce shi a kan hanya, yaran mota suna ɗaga masa hannu. Wannan ne ya ƙona shi. Ya ce mun cire masa turbo na asali mun sa ruɓaɓɓe. Ya yanka mana wa'adin gyara ta, ya ajiye mana soja da bindiga a kan kapo, murfin inji, ya ce ko hannu muka sa a aljihu a gaya masa.

Mi ne ba mu duba ba? Mun kaɗa ruwan sabulu mun shafe kowane tiyo, muna neman inda zai yi kumfa. Mun ɗaure kowace mahaɗa. Mun sake filtar iska. Mun taɓa fankar da yatsa, tana juyawa lami lafiya, ba rawa. Mun ja sandar ƙarfen nan mai buɗe wa hayaƙi ƙofa in iska ta yi yawa, ko ta maƙale a buɗe, ita ma ƙalau. Sai na nufi bututun da ke jawo iska daga waje, wanda ya ɓuya cikin ƙarfen da ke rufe da tayar gaba. Ka dafa kafaɗata ka ce, "Yaya, bar wurin nan, na duba."

Na bar shi.

Da wa'adin Kapitan ya cika, ya tsaya a kanmu ya ce wa ya taɓa masa mota. Ka riga ni buɗe baki, ka ce hannunka kaɗai ya taɓa ta, ni ko kusa ban je ba. Ba ka ce ka yi sata ba, amma haka gari ya ji. Aka jefa ka bayan mota da man inji a hannunka. Aka ce an kai ka gidan kaso a arewa. Daga baya wani jandarma ya tsaya bakin garejin, ko daga kan babur bai sauko ba, ya ce zazzaɓi ya ɗauke ka.

Tun daga nan sunanka ya zama ɓarawon turbo. Direbobin da muka sha fid da su daga yashi suka kai motocinsu wani wuri. Hajo ta girma, yau har jika gare ta, amma ko cokali ya ɓace a gidan biki sai idanu su koma kanta. Wanda ya fi kowa yawan faɗin "ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" yana nan, ya yi Makka, yana sahun gaba. Ban yafe masa ba. Ya karanta.

Kapitan bai daɗe ba shi ma, 'yan'uwansa soja suka ci shi a wata rigimarsu. Motar ta zauna bayan tsohon ofishi kaji suna ƙwai a cikinta. Da farar hula suka karɓi mulki na je na roƙe ta, suka yi mini dariya suka ce in kwashe tarkacen. Da shanun noma biyu na jawo ta gida, gari yana kallo. Na rantse sai na nuna musu turbon nan nata ne na asali, wani abu dabam ya shaƙe ta.

Soja sun dawo, sun tahi, sun sake dawowa, ni ina ƙarƙashin motar nan. Geron da ya kamata ya kai mu damina na sha sai da shi in aika Yamai a nemo mini tsohon kaya. Na sauke bututun hayaƙi na ƙona shi da wuta ko ya toshe. Na wanke akwatin da ke sanyaya iska. Na lura in an taka ta babban tiyon da ke shiga turbo yana tsukewa kamar kumatun tsohuwa, na ce roba ce ta gaji, na cusa masa waya a ciki don ya tsaya. Allura dai rabi. Matata ta rasu tana ce mini mijin mota. Yara suna ce mini mahaukacin Kurfai. Ko'ina na kwance na ɗaura, har ban san iyaka ba, sai wuri guda. Duk ranar da hannuna ya nufi can sai in ji naka a kafaɗata. Ƙanena ya ce ya duba. In sake dubawa, ashe ni ma na ce maka maƙaryaci kamar sauran.

Ƙadangare ne ya tona ka. Bayan girbin bana ina zaune a inuwa, kaza ta koro shi, ya faɗa bakin bututun nan, sai ga shi ya fito da baya-baya, ya gwammace kazar. Na ce to, ciki ba hanya. Na ɗauko kilen kwance noti na kwance ƙarfen tayar.

Laya ce, Arzika. Baƙar fata, ta kai dunƙulen hannu, ta zauna daram a gwiwar bututun, iska sai ta gefe-gefe. An ɗaure ta da jar waya a sama, girgizar hanya ta tsinke wayar, ta gangara. Na duba guntun da ya rage. Murɗin hagu ne. Duk Filinge bahagon makaniki guda aka taɓa yi.

Na zauna a ƙasa na daɗe. Yanzu na san abin da aka faɗa gindin aduwa. Tsohuwa ta ji tsoron a harbe mata ɗa, ta san ba zai karɓa daga hannunta ba, ta ba ka ka ɓoye masa cikin motar, ta kuma rantsar da kai, don layar da aka faɗa ta karye. Kuma na san lissafin da ka yi a gaban bindiga. In ka zaro ta soja yana gani, wa zai yarda tsari ne? Za a ce sammu muka yi wa hafsan soja, a lokacin da kowannensu ke kwana da ido ɗaya. Sata mutum guda take ci. Sammu kuwa da ni, da kai, da tsohuwar zai tahi da mu.

Na gane, amma ban huce ba. Wa ya sa ka zaɓar mini? Ni ne babba. Ni ya kamata in tsaya a gaba, kai ka koma gida wurin ɗiyarka. Ka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ga shi naka cikin ya cinye ka, ya cinye mini ƙuruciya. Kalma shida ka faɗa mini, na riƙe su kamar aya har gemuna ya yi fari.

Ranar kasuwa na fito da ita. Na sa Hajo a kujerar gefe. Da muka hau gudro, hanyar kwalta, na taka, allura ta wuce rabi, ta miƙe har ƙarshe, sai ga fiton nan da ban ji ba tun kana da rai. Hajo ba ta taɓa jin sa ba, ta ɗauka wani abu ya lalace. Na ce a'a, sunan ubanki ne. Na tsaya tsakiyar tasha na buɗe kapo, na ce duk mai ido ya zo ya ga turbon da aka ce an sata. Kaɗan suka matso. Yawancin masu bakin sun mutu, matasa kuma ba su ma san labarin ba. Wani ya tambaye ni nawa zan sai da ita.

Layar tana wurina, ban buɗe ta ba. Tsohuwa ta rasu, ɗanta ya rasu, rantsuwarka ta sauka, shi ya sa na faɗa. Na san yanzu waɗansu za su bar ce maka ɓarawo su koma ce maka arne. Liman ma ya aiko mini cewa irinka ba a yi masa addu'a. Ban nemi izininsa ba.

Allah, ga Arzika nan, ka fi ni sanin inda yake. Bai ci amana ba, bai ɗauki na kowa ba. Ka yalwata masa wurin kwanciya, ka ba shi iskar da aka hana shi a kaso. Ka yi mana hisabi da masu kaki da masu baki. In lokacina ya yi, ka kai ni kusa da shi, ina da magana da shi.

Kafin nan, ƙanena, ka kwanta. Na duba wurin.

Yayanka da bai huce ba,
Nomau