An Ba Rigarmu Mata

Inna Kyauta, don Allah ki cece ni, kaina ya ɗaure.

Ni mutumin Jega ne, kuma ina da aƙida: duk abin da mutum uku za su iya amfani da shi, zalunci ne mutum ɗaya ya rungume. Duniya ta cika da tarkace, kowa sai saye. Shi ya sa ni da abokaina biyu, Shamsuddeen na Aliero da Ya'ƙub na Maiyama, muka ɗinka babbar riga guda, shuɗiya, muna sawa mako-mako. Direba ke kai ta a leda. In ta dawo daga Aliero tana ƙamshin albasa, amma ban taɓa ƙorafi ba, ai aƙida sai da haƙuri.

To, ina neman wata bazawara a Dangamaji, Hafiza. Wallahi ina sonta, har abinci ba ya shiga in na tuna ta. Mahaifinta, Malam Alu, idonsa ya yi rauni, ni kuma kunya ta hana ni buɗe baki gabansa. In na durƙusa sai ya shafa aikin wuyan rigar ya ce mai shuɗiya ya iso.

Rannan makon Ya'ƙub ne, ya je suna Dangamaji, sanye da rigar, ya ratsa zauren su Hafiza gaida tsoho. Malam Alu ya shafa wuyan riga, nan take ya ce ya ba shi Hafiza, ya turo magabata. Shi kuwa gogan, maimakon ya gyara zance, sai ya yi godiya har da addu'a. Yanzu wai tunda ya kwana da maganar ya ji ta kwanta masa. Shamsuddeen da na kai wa ƙara ya ce a gaskiya riga aka yi wa alkawari, don haka duk wanda ranar ɗaurin aure ta faɗo a makonsa shi ne ango. Na duba ranar da tsohon ya ambata, makon Ya'ƙub ne.

Hafiza ta aiko cewa ita ba shadda za ta aura ba, in ban warware wannan shirme kafin azumi ba in manta hanyar gidansu. In na ɗinka tawa rigar na ci amanar aƙidata, kuma tsohon ba zai gane ni ba. Ina zan sa kaina?

Naki,
Mai Sulusin Riga, Jega

Ɗana Mai Sulusin Riga,

Na yi dariya har jikata ta leƙo, amma ban raina aƙidarka ba. Ƙin almubazzaranci abu ne mai kyau, da mutane sun yi koyi da ku da akwatuna sun huta. Laifinka ɗaya: ka bar riga tana yi maka zance. Tsoho bai yi kuskure ba, abin da ya sani ya ba.

Ya'ƙub ma ban ɗora masa duka ba. Kunyar tsoho ce ta sa shi godiya, kwaɗayi ya biyo baya. Shamsuddeen kuwa ya koma gonar albasarsa, fatawa ba aikinsa ba ce. Ba a ɗaura wa tufa aure, kuma matar da ake magana a kanta ta riga ta faɗi wanda take so.

Ga abin yi. Ka aika rigar can Aliero ta huta. Ka ɗauki Ya'ƙub da babba ɗaya daga gidanku ku tafi Dangamaji, kowa da kayansa na gida, ko sun koɗe. Ya'ƙub ya yi bayani da bakinsa ya nemi afuwa. Kai kuma ka ɗaga murya, ka faɗi sunanka da na mahaifinka, ka yi ta zuwa hira har Malam Alu ya riƙa gane ka tun daga sallama. Ba sai ka sayi ko zare ba.

Ku ci gaba da karɓa-karɓar riga, da garma, da keke in kun so. Amma ranar ɗaurin aure ka matsa kusa da liman, ka ji da kunnenka sunanka aka kira. Allah ya ba ku zaman lafiya, kai da Hafiza, ku biyu rak.

Taku,
Inna Kyauta