Kofin Ummi mai ɗiga

Daren Juma'a, Kazaure.

Kwana biyar ina zaton 'yata Ummi ce ta ƙi kofi, ashe ni ce na ƙware ta. Ranar da na je saye, sai da na sa mai shago ya zuba ruwa a kofunan yara masu hanci, na kifa su ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki wanda ko ɗigo bai yi ba. Wanki nake gudu.

Yau Inna, uwar mijina, ta zo daga Gwiwa, don ita za ta riƙe yarinyar idan na koma aiki Litinin. Ba ta ba jariri abin da ba ta ɗanɗana ba, sai ta kai kofin bakinta. Ta zuƙa har kumatunta suka lotsa.

Ta ce, "'Yar nan, ni da ƙarfina ban samu ruwa ba, balle 'yar wata bakwai."

Ba ta yi min faɗa ba. Muka koma kasuwa ta zaɓi mai taushin baki, mai ɗiga, wanda na raina ranar. Ummi ta sha ta ƙoshi, ta jiƙa rigarta sharkaf.

Ina wanke rigar ina hawaye. Kwana biyar ƙishirwa take gaya min, ni kuwa ina ce mata sarkin rigima.