Injin da Ke Jiran Baffa Mongi

Bizerte, 4 ga Maris

Baffa Mongi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Najiba.

Wani kamfani ya karɓi tsohuwar ma'aikatar jiragen sojan ruwa. Maƙerar ta zama gidan cin kifi, rumbun makamai kuma shagunan turare. Yanzu sun juyo kan babban ramin da ake shigar da jirgi a zuƙe ruwan a gyara shi. Wai za a cike shi a riƙa ajiye motoci.

Na ce wa manajan kamfanin, masuntanmu har birnin Sfax suke kai jirage gyara, alhali ga rami a bakin ƙofa. Ya ba ni zuwa ƙarshen Afrilu: in injin zuƙe ruwan ya tashi, ƙungiyarmu ta masunta za a bar wa ramin. Injiniyoyi biyu sun duba sun girgiza kai. Ni na san zai tashi, don na san wanda ya shekara ashirin yana tada shi. Ka zo.

'Yarka,
Shadliya

Marseille, 15 ga Maris

'Yata,

Wa'alaikumus salam. Turare a rumbun makamai! Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Injin lafiyarsa lau. A fara buɗe makunnin ƙasa na bututun ruwa tukuna, shi ke nan.

Amma ba zan zo ba. Kina goye aka rage ma'aikata, ni kuma shugaban sashe, ni aka miƙa wa takarda. Na hau ganga na karanta suna tamanin da huɗu, har da na babanki, yayana. Ya cire hular aiki ya ajiye a gabana ya fita. Shekara talatin ke nan ko barka da salla ba ta haɗa mu ba.

Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Mongi

Bizerte, 2 ga Afrilu

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Ka yafe mini, na karanta wa Baba wasiƙarka. Ya ajiye shayinsa. Can ya ce, "Makunnin ƙasa? Wannan har yanzu bai san da na bayan bango ba."

Washegari ya riga ni zuwa ramin. Kwanansa tara yana fama. Jiya injin ya tashi, ruwa ya sauka kamu uku, sannan ya mutu. Baba ya ce aikin mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma yaran yanzu ba sa jin injin da kunne.

Na faɗa wa manajan ya nemi wani wurin motocinsa.

Shadliya

Bizerte, 3 ga Afrilu

Mongi,

Salam. Ba kai ka rubuta sunayen ba, karantawa ka yi, na san wannan tun ranar. Abin da ya ci mini rai shi ne tafiyarka ba sallama.

Akwai jirgi ranar Asabar. Gwiwata ba ta son matakala, kai ne za ka sauka ƙasa.

Yayanka,
Tahar