Sunan Rumfar da ke Bakin Tashar Guci

Guci, ranar Lahadi

Zuwa ga autata Surayya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na biro, ofishin nan naku. Mu nan lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Auta, ƙara na kawo. Jiya Dogo direba ya nuna mini abin nan da kuke ƙerawa a Damagaram. Ya ɗaga wayarsa a tasha, duk inda ya juya ta sai rubutu ya fito a kan wurin: ga masallaci, ga rijiya. Na yi ta dariya. Da ya juya ta kan rumfar da babanku ya yi rayuwarsa yana gyaran ƙafar amalanke, sai na ga an rubuta "Mahaɗa ta Biyu". Tun rasuwarsa ba wanda ya daina kiran wurin da sunansa, amma yanzu samarin kabu-kabu sun fara cewa Mahaɗa. Abin ya yi mini ciwo. Karatun da ya biya miki ke nan?

Ki ci abinci, an ce kin rame.

Innarki,
Habsatu

Damagaram, ranar Laraba

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa ta ladabi da neman albarka, takardarki ta iso, na karanta.

Inna, akwai ƙa'idar da duk masu irin aikinmu suka amince da ita, don bayanan wannan waya su yi daidai da na waccan. Kowane wuri ana ba shi matsayinsa a taswira da suna guda. Ba a saka sunan mutum sai da yardarsa. In ya rasu, sai wani na gidansa da ke zaune a garin ya tsaya a daidai wurin, ya faɗi sunan da bakinsa, waya ta ɗauki muryar tare da inda aka tsaya. Na yi gardama a taro har shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, ya gaji da ni, bai yiwu ba.

Yaya Rabilu yana Kano, ni ina nan. Ke kaɗai kika rage a Guci. Kalma biyu ce, Inna: Rumfar Illo. Ki gafarce ni da na rubuta sunan Baba. Ƙarshen wata za a rufe bayanan yankinmu na Dungas, bayan nan sai yadda Allah ya yi.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Surayya

Guci, ranar Asabar

Auta,

Ina gaishe ki. Masu ƙa'idar taku ba su da uwaye ne? Tun da aka kai ni ɗakin babanku ban taɓa kama sunansa ba. Malam nake cewa. Yaron maƙwabta da ya ci sunansa ma Mai Sunan Malam nake kiransa, ga shi yau har ya yi gemu. Sai yanzu da furfurata zan tsaya a tasha, gaban masu tsire, in kira shi gatsau? Na tambayi Dogo ko in na ce Rumfar Malam ya isa, ya ce malamai sun yi yawa a Guci.

Ba zan iya ba. Amma ɗazu na ji wata yarinya tana ce wa mai mota ya sauke ta a Mahaɗa, na kasa cin tuwo.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki

Damagaram, ranar Litinin

Inna,

Ina durƙusawa da gaisuwa. Ki bar shi, kada ki takura kanki. Ya san matsayinsa a wurinki, mu ma mun sani. Ba zan sake tayar da zancen ba.

Surayya

Guci, ranar Juma'a

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je da sassafe kafin tasha ta cika. Dogo ya miƙo mini wayar, ya juya baya, ya toshe kunnuwansa, ɗan albarka. Na faɗa. Ya ce ta ɗauka, ya turo muku.

A hanyar gida, tsakiyar gero, ba waya ba kowa, na sake faɗa. Ashe suna ne mai daɗi a baki. Da na sani, da na kira shi ko sau ɗaya lokacin da zai iya amsawa.

Sai mun gan ki da salla.

Innarki,
Habsatu