Ranar da sitiyarin jirgi ya mutu

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Inna?

Abin da kuka ji gaskiya ne. Muna sama a jirgin kaya sitiyari ya mutu. Matuƙin ya ce, "Tsoho, kai da ka karanta injin, zo!" Na durƙusa ina ƙara wa injin hagu wuta in za mu yi dama, ina rage wa injinan biyu in za mu sauka. Mun bugi ƙasa da ƙarfi, amma mun rayu.

Shi aka ba lambar yabo. Ni an mayar da ni ɗaurin kaya, ga hannun damana ba ya damƙa tun faɗuwar nan. Jibi likitan kamfani zai duba ni, in ya gane, kora ce. Ban da wannan, lafiya lau nake.

In Inna ta tambayi dalilin lalacewar rubutuna, ka ce tsufa ne.

Yayanka