Ki Kunna wa Baffa Muryar Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Muna lafiya, sai gwiwata da goge-gogen benaye ya cinye, amma kar Inna ta ji.

Wata bakwai malamar yara masu galahanga tana zama da Auta, tana koya masa magana da katunan hotuna. Jiya ya ture katin, ya kalle ni, a karo na farko ya ce, "Umma, ruwa."

Na turo miki muryar a waya. Ki kai wa Baffa, shi da ya ɗaure min ɗa da igiya wai mahaukaci ne. Ki kunna masa a gaban baƙinsa, sau uku. In ya nemi yafiya, ba ni ya ɗaure ba. Ya jira Auta ya ƙara koyo, ya roƙe shi da kansa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki